Robar Gidan Alƙali

A wani daji da ke bayan juji, dabbobi na ɗiban ruwa da tsofaffin robobin da mutane suka zubar. Duk robar da ta tsage kuwa ta tafi ke nan, sai da Jemage ya yi damina bakwai yana gwaji, ya gano wani siririn kuka da kunne ba ya ji, wanda ke girgiza bakin tsagar har ta yi laushi ta haɗe. Ya nemi takardar da za ta ce fasahar tasa ce. Gafiya, mai duba takardu, ta hana, wai abu ne a fili. Ya ɗaukaka ƙara gaban alƙali Zalɓe.

Gafiya ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kakanni an san ƙara na girgiza abu, an san zafi na narka roba. Haɗa wannan da wancan fa? Ko ɗan tsako zai iya."

Al'adar kotun ita ce a kira matsakaicin mai sana'a a tambaye shi ko da kansa zai gano. Aka kira Damo mai gyaran robobi. Amma don kada a ce an yi rufa-rufa, sai da magatakarda ya karanta masa bayanin Jemage kaf.

Damo ya gyaɗa kai. "Ai wannan a fili yake."

Jemage ya ce, "Baba Damo, shekara nawa kana liƙe tsaga da ƙaro tana sake ɓallewa?"

"Goma sha ɗaya, ɗana."

"Me ya hana ka yin wannan?"

Haƙurin Damo ya kai shi ga gaskiya. "Ba a karanta mini ba."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Zalɓe ya daɗe yana duban ƙafarsa ɗaya. Ya ga kuskuren, amma shi ya kafa al'adar karatun nan, kuma in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Ya ce a hankali, "Shaida ya ce a fili yake. Kowa na iya yi. An kori ƙara."

Jemage ya yi godiya yadda ake yi, ya kwashe iyalinsa ya koma wani kogo mai nisa.

Da damina ta zagayo, robar gidan alƙali ta tsage. Matarsa ta ce a aika kogo. Zalɓe ya ce a bari, ya san yadda ake yi.