Kwamfutar Alhaji Garba Mai Tarbiyya

Wani ne a Yelwa, lokacin da jihar Kebbi take sabuwa fil, ya je Kaduna ya yi ɗan kwas na kwamfuta. Ya dawo da gilashin da ba na magani ba da jakar faya-fayai, yana taku kamar shi ya ƙirƙiro lantarki. Ko gaishe shi ka yi sai ya duba agogo kafin ya amsa.

Bai tsaya ko'ina ba sai wurin Alhaji Garba, babban dillalin kifi mai ɗakunan sanyi a Yelwa da Wara da Shanga.

"Alhaji, manhaja zan gina maka, ta haɗe wuraren nan uku. Kana zaune nan kana sanin abin da ke Wara."

"Babu waya hwa tsakaninmu."

"Akwai jirgin ruwa. Faifai ya je, faifai ya dawo. Kuma guntu-guntu ake gina ta. Guntu ɗaya in ya yi kyau, ko'ina liƙa shi ake yi. Kamar abin buga bulo ne, da shi za ka yi shago, da shi za ka yi gareji."

Alhaji ya ce in abin ya yi, kujerar manaja tasa ce har da babur. In bai yi ba, ya koma gonar albasar ubansa. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake tsoro kamar gonar nan, don ya riga ya bi gari yana cewa shi da fartanya har abada.

Ranar gwaji aka kunna kwamfutar Yelwa. Ta yi ƙugi, ta rubuto: ME KAKE SO?

Alhaji ya gyara zama. "Da wa take?"

"Da kai, Alhaji."

"Ni? Ba sallama, ba ina kwana? Ko ɗiyan da na haihwa ba su yi min hakanga. Wagga aba ba ta da tarbiyya, a hitar min da ita."

Gogan naka ya ga gonar albasa tana yi masa murmushi. Ya roƙi arziki, ya kulle kansa a ɗaki, ya gina guntun gaisuwa. Gaskiya kuwa ya ginu, shi ne abu ɗaya da ya taɓa yi a rayuwarsa ya yi kyau. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya sauro. In ka tambaye ta kuma, ta ce lafiya lau, ta ƙara da madalla. Alhaji ya ji daɗi har yana tara abokai su zo su gaisa da ita.

Saura guntun da zai riƙa ba da rahoton ɗakunan sanyi. Ya taɓa nan, ya taɓa can, abu ya ƙi. Kwas ɗin nasa dama bai kai nan ba. Sai dabara ta faɗo masa: rahoto ai tambaya ce da amsa, kuma ga guntu a hannu wanda ya iya tambaya ya iya amsa. Ya ɗauko guntun gaisuwa, ya ƙara masa "ya inji" da "ya kifi", ya liƙa a Yelwa, ya liƙa a Wara, ya liƙa a Shanga. Ya koma ya miƙe ƙafa yana zaɓen launin babur.

Haruna mai jirgi ya shiga uku. Ya kai faifai Wara, kwamfutar Yelwa ta ce ina kwana. Ya dawo da shi, ta Wara ta ce lafiya lau, ina gajiya. Ta Shanga ma ba a bar ta a baya ba, sai ta tambayi mutan gida. Mai yana ƙonewa, injuna suna zumunci.

Ana cikin haka janareton Wara ya mutu. Dauda, mai kula da wurin, ya zauna gaban kwamfuta, wadda ke kan batirin mota, ya buga mata: INJI YA MUTU.

Ta ce: MADALLA. YA YARA?

Ya sake bugawa. Ta tambaye shi ya kwanan Inna. Da ya gaji, ya ba Haruna saƙon baka. Haruna na isa Yelwa ya ci karo da gogan naka a bakin ofis.

"Malam, Dauda ya ce in hwaɗa ma Alhaji..."

"Faifai aka ba ka ko baki? Zamanin an ce ka ce ya wuce. Kawo nan."

Aka sa faifai. Ya inji? Lafiya lau. Ya kifi? Lafiya lau, madalla. Alhaji ya shafa gemu, ya ce a ci gaba da zuba kaya a Wara, tunda can ne lafiya ta fi yawa.

Ranar da babban mai saye ya zo daga kudu, Alhaji ya ɗebe shi a jirgi zuwa Wara har da gogan naka, don a ga aikin zamani. Tun suna tsakiyar ruwa baƙon ya fara toshe hanci. Da suka matso, ungulaye sun yi sahu a kan rufin ɗakin sanyi kamar masu jiran rabon gado. Baƙon ko sauka bai yi ba.

Dauda ya buɗe ƙofa. Ƙudaje suka fito da ƙarfin da ya ture hular Alhaji. Ragon ruwa da giwan ruwa duk sun narke sun zama abu guda, har yana gangarowa ƙarƙashin takalma.

Alhaji ya juyo a hankali, idanu jajir.

"Kai. Mi abarka tac ce min?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Wanga shi na lahiya? Don mi ba ta hwaɗa min gaskiya ba?"

Gogan naka har ƙamshin albasa ya fara ji a cikin warin. Ya cire gilashi, ya durƙusa har ƙasa.

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Garin sauri yau ko gaisawa ba mu yi ba. Ina wuni?"

"Lahiya," in ji Alhaji, yana huci.

"Ya kasuwa?"

"Lahiya lau."

"To ka ji. Kai da kake tsaye a cikinsa ma ke nan, balle ita da ba ta da hanci."