Ranar da Na Kwashe Ƙanƙarar Biki

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin bikin ƙanwar mijina, ranar da na bar baƙi suna shan lemo mai ɗumi kamar shayi, ni kuma na tafi ceton abin da bai nemi ceto ba. Har yau idan na shiga taron dangin mijina sai wani ya yi gyaran murya ya ce a ɓoye kulolin ƙanƙara, ga ta nan ta iso.

Bari in faro daga tushe. Ina aiki a wani asibiti a nan kudancin Kaduna, sashen masu ciwon daji. Asibitinmu ya haɗa gwiwa da wata jami'a ta Turai, aka kafa mana abin da muke kira rumbu: ɗaki guda da wani jibgegen firiza, inda ake adana jini da 'yar tsokar da aka cire daga jikin marasa lafiya, domin masu bincike, namu da nasu, su gano yadda cutar take kama mutanenmu da yadda za a tare ta. Ni ba likita ba ce. Aikina na baki ne, ni nake zama da majiyyata in yi musu bayani in nemi yardarsu. (Mijina yana cewa a ƙarshe dai an samu inda surutuna yake da amfani.)

Cikin duk waɗanda na nemi yardarsu, babu wadda ta ba ni wuya kamar Inna Hajara, mai waina a Makera. Ciwon mama ne ya ɗauke mahaifiyarta, ya ɗauke yayarta, ga shi ya zo kanta. Ta yarda a yi mata aiki, amma batun a ajiye abin da aka cire ta ce sam, ta ji ana cewa Turawa kwashewa suke yi. Na yi ta sintiri gidanta, na ci wainarta har siket ya fara matse ni. Ranar da ta amince, ta riƙe hannuna ta ce, "Ba don Turawa na bayar ba, 'yata, ba kuma don likita ba. Don 'ya'yana mata ne. Ke na sani, ke na ba amana." Aka yi aikin, ta warware. Abin da aka cire kuwa ba a sake samunsa, wanda ke cikin firizan nan shi ke nan. Shi ya sa kullum na wuce ɗakin sai na leƙa.

Firizan yana da wata waya da yake aika wa saƙo idan wuta ta ɗauke ko sanyinsa ya fara raguwa, kuma mukan karɓi wayar bi da bi a ƙarshen mako. A makon bikin aka zo kaina. A makon ne kuma Farfesa, wata 'yar tsohuwar Baturiya mai magana a hankali, ta zo daga jami'ar tasu don ta horar da mu. Ranar Alhamis ita da shugabanmu Dakta Sani suka tara mu suka yi dogon bayani a kan firiza. Ina wurin, wannan kam babu mai musu, kujerar baya na zauna. Amma hankalina yana wurin tela, wanda ya riƙe min ankon biki yana ta yi min gobe-jibi, muna ta musayar baƙaƙen maganganu ta waya a ƙarƙashin tebur. Idan na ga mutane sun gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa. Da Dakta ya tambaya ko kowa ya gane, muryata ta fi ta kowa ƙarfi.

Asabar ta zo, an ɗaura aure a coci, an dawo liyafa a filin wata makaranta a Unguwar Boro. Rana tana dukan tsakar ka. Surukata, wadda duk muke kira Mama, ta yi tanadin ƙanƙara kamar za ta buɗe shago, don ta rantse ba za a ce an sha abu mai zafi a bikin autarta ba. Na sha ɗaurin ɗankwali ya yi sama, ga takalmi mai tsini, ina tsakiyar rawa a bayan amarya sai na ji jakata tana rawar da ba ta kiɗa ba. Na ciro wayar firiza. Saƙo ne gajere: wuta ta yanke.

Fuskar Inna Hajara kawai nake gani. Na kira Dakta, bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. To, ni 'yar Kaduna ce, tun ina yarinya na san abin da ake yi idan an ɗauke wuta ga nama a firji: ƙanƙara ake nema. Ga kuwa ƙanƙara jibge a gabana.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizge makirufo daga hannun mai sanarwa, na sa aka tsayar da kiɗa, na ce jama'a a taimaka, rayuka suna cikin haɗari a asibiti, duk mai ƙarfi ya ɗauko kula. (Rayuka fa na ce. Daga baya na ji wata tsohuwa ta fara addu'a a take.) Abokan ango suka zube kwalaben lemo a kan ciyawa, suka cicciɓi kuloli, aka tare keke napep har uku. Mama tana kirana, mijina yana kirana, ban waiga ba. A hanya takalmina ɗaya ya faɗi, na cire ɗayan na riƙe a hannu. Ruwan ƙanƙara yana tsiyaya a kan ankon da na yi yaƙi da tela a kansa, ni kuwa ina ta zaburar mai keke kamar ni na saya masa ita.

Muka shiga asibiti a guje. Na banka ƙofar rumbu ina cewa, "A buɗe firiza! Ga ƙanƙara, a buɗe!" Hannuna har ya kai kan mariƙin ƙofar firizan sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Dakta Sani ne. Ban taɓa ganin ya motsa da sauri haka ba.

Sai a lokacin na dubi ɗakin. Fitila tana ci. Firiza yana gurnaninsa lafiya lau. Ga Farfesa zaune da kofin shayi, ga wasu abokan aikina da ake horarwa a jere, ga kuma babban allo a bango cike da fuskokin mutanen jami'ar can Turai, suna kallonmu kai tsaye. Ni kuma ga ni babu takalmi, ɗankwali ya karkace ya rufe min ido ɗaya, a bayana samari sanye da anko suna haki, kowa da kula a ka, wata kwalbar lemo da aka manta tana ƙwal-ƙwal a ciki.

Dakta ya ce, a hankali, "Madam, gwaji ne. Mu muka kashe wutar don mu ga ko batir zai karɓa, ko saƙo zai tafi. Ranar Alhamis aka faɗa. Aka ce mai riƙe da waya ya amsa da saƙo kawai, ya ci gaba da harkarsa."

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Farfesa ta taso, ta leƙa cikin kula, ta taɓa ƙanƙarar Mama, sannan ta nuna min lambar da ke jikin firizan: tamanin ƙasa da sifili. Ta yi min bayani cikin tausayi, irin wanda ya fi zagi ciwo, cewa a wurin abin da ke cikin firizan nan ƙanƙarata garwashi ce. Ko da wuta ta ɗauke da gaske, dokar farko ita ce kada a buɗe ƙofa. Wato duk faɗin Kaduna a ranar, babu abin da ya yi barazana ga amanar Inna Hajara sai ni da kulolina. Garin neman gira na so in rasa ido.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma gaskiya, a ƙarƙashin kunyar akwai wani sanyi da ya sauko min har tafin ƙafa. Na zauna daɓas a kan kula ina kallon lambar nan, hawaye suna zuba suna wanke kwalliyar da na ɓata safiya a kanta. Wani daga cikin allon ya fara tafi, sauran suka bi, har yau ban san ko yabo ne ko dariya suke ɓoyewa ba. Farfesa dai ta ce ba ta taɓa ganin inda aka amsa gwaji da tawagar biki ba.

Muka mayar da kuloli rabinsu ruwa. Mama ta miƙo min lemo mai ɗumi ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Da sabon mako ya shiga na je Makera, don na san gara Inna Hajara ta ji daga bakina. Ta yi dariya har sai da wainarta ta ƙone a tanda, ta kira 'ya'yanta ta sa na maimaita musu daga farko. Da ta lafa, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To, abin nawa yana nan?"

Na ce yana nan, Inna, ko gezau bai yi ba.

Ta juya waina, sannan ta ce, "Gobe ki zo da wuri. Maƙwabciyata ta ji wani ƙullutu, ta ƙi zuwa asibiti. Zan ce mata ga wadda ta yi gudu ba takalmi saboda naman jikina."

Washegari na kai matar asibiti da kaina, kuma an kama abin da wuri. Tun daga nan kujerar gaba nake zama a kowane taro, waya a cikin jaka, jaka a ƙarƙashin kujera. Na gane riƙon amana yana son ƙafa mai sauri, amma ya fi son kunne. Mama kuwa ta yafe min, sai dai a kowane biki yanzu aikin rabon cokula take ba ni.