Tsakanin Murhun Hassana da Tankin Gas

Bari in amsa laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa: ina son a gan ni kusa da manya. In mota mai lambar gwamnati ta tsaya a unguwarmu, ƙafafuna ba sa shawara da ni. Wannan hali ne ya sa ranar Talatar nan na tsinci kaina sanye da kaftanin Juma'a, riƙe da bakin tef ɗin awo, ina taya hukuma tabbatar da cewa ba zan ƙone ba.

Ga yadda abin yake. A bayan gidana, nan Bukuru, an buɗe wurin ɗura gas a tukwane. Tankin fari ne, yana kwance kamar saniyar da ta ƙoshi. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gidana, daidai inda mai ɗakina Hassana take hura wuta kowace safiya tana toya masar sayarwa. Shekara goma sha tara ke nan murhunta yana wurin.

Maƙwabcina Baba Chollom, tsohon ma'aikacin kuza, shi ya fara tayar da maganar.

"Malam Isa, lokacin da muna fasa dutse da nakiya, in an busa usur, sai ka gudu har ka daina gane kalan rigan oga. Wannan abu ya fi nakiya. Kai kuma kana jingina da shi kana shan shayi."

Gida goma sha ɗaya muka sa hannu a takardar koke. Wata bakwai shiru. Sai ranar Talata ga jami'in da hukuma ta turo, Mai Girma Sarkin Awo, Allah ya ƙara wa tef ɗinsa tsawo, da fayil a hammata da takalmi mai ɗaukar ido. Ya buɗe fayil ya ce takardarsu ta tanadi mita talatin tsakanin irin wannan tanki da kowace wuta. Na ce madalla, ranka ya daɗe, bismilla, shigo ka ga murhun.

"A'a, Malam, ba ma shiga gidan matan aure a bakin aiki. Daga ƙofa zuwa ƙofa muke awo. Haka fom ɗin yake."

To, ƙofar masu gas tana kallon babban titi, tawa tana kallon lungu. Muka fara daga tasu. Muka bi titi, muka wuce mai faci, muka ratsa 'yan acaɓa, muka kewaye dutsen nan da ya gagari kowa tun zamanin Turawa, muka tsallake kwata, sannan muka shiga lungunmu. Tef ɗin mita hamsin ne, don haka sau biyar ina durƙusawa ina danne bakinsa a ƙasa, jama'a suna gaishe ni kamar an ba ni muƙami. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi.

"Mita ɗari biyu da goma sha huɗu," in ji Mai Girma. "Malam, kai da tankin nan ko unguwa ɗaya ba ku haɗa ba."

Ya buga hatimi, ya ce in sa hannu a matsayin shaida. Na sa, har da 'yar wutsiya a ƙarshe.

Baba Chollom ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Oga, wutan in ya tashi, titi zai bi? Zai tsaya ya gaida mai faci?"

"Baba, wannan tambayar ta wani sashe ce. Mu tazara muke dubawa."

Jama'a, a riƙa yaba wa manya in sun yi abin yabo. A wani wuri sai an ɗauko babbar mota an ɗage tanki, an ɓata wa mai shi rai. Mu namu da tef kaɗai suka nisanta mu da haɗari, ko bulo ɗaya ba a taɓa ba. Roƙona kawai, in sun sami sarari, su zo da tef ɗin su matso mana da asibiti.

Hassana ce ba ta yaba ba.

"Malam, kai ka riƙe musu tef ɗin?"

"Ni ne."

"Ka kuma sa hannu?"

"Na sa."

Washegari ta kwashe duwatsun murhu da tanda da ƙullu, ta koma ƙofar gida, bakin lungu, inda iskar Jos take kashe mata wuta sau uku kafin masa ta nuna.

Ranar Alhamis Mai Girma ya dawo kawo mana kwafin takardar. Yana ganinta ya tsaya cak.

"Hajiya, wa ya ce ki matso? A can ciki akwai ƙarin mita goma sha biyu a kan awonmu. Yanzu kin kusanto tankin. Ki koma jikin katanga, ya fi miki aminci."

Hassana ta juya masa guda a tanda, ba ta ko ɗaga kai ba. "Ranka ya daɗe, da yaji za a zuba maka ko da miya?"

Ya ci da miya. Murhu yana nan bakin lungu, tanki yana nan bayan katanga, ni kuma na mayar da shimfiɗata zaure, don ni ma na fi son kusantar haɗari irin ta Hassana.

Ina nan ina Allah wadai da duk wanda ya bari aka kafa tankin gas a bayan gidan mutane. Sai dai Hassana ta ce in zan rubuta, in rubuta duka. To. Filin da tankin yake kai nawa ne, ni na sayar da shi shekara huɗu da suka wuce. Mutumin da ya saya ya ce mini ruwan leda zai riƙa ƙullawa.