Rasuwar Kujerar Babanmu a Duluth

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Wendell Lindqvist na garin Duluth nake sanar da rasuwar Kujerar Kishingiɗa ta marigayi mahaifinmu, wadda ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki Baba da tumbinsa kowace Lahadi a gaban wasan ƙwallo na talabijin, ba ta taɓa ƙorafi ba sai "ƙiiiƙ... gwaf!" idan an ja hannun kwantar da bayanta. Ramin da zamansa ya bari a jikinta, shekara shida ina gwadawa ban cike shi ba.

Jinyarta gajeriya ce. Zan tafi hutun Kirsimeti gidan yayata Marcy, sai na kashe na'urar ɗumama ɗaki, wai ni mai tattali. Ni da aka haifa a garin nan, na san in sanyi ya tsananta ana barin famfo yana ɗiga don kada ruwa ya daskare a bututu! Bututu ya daskare ya fashe a silin. Kwana biyar ruwa na zuba a kanta. Na dawo na tarar ta kumbura, funfuna ta yi mata furfura.

Na garzaya wurin mai gidan da nake haya, Mista Pruitt, wai inshorarsa ta biya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, tawa ta bango da rufi ce. Ina taka ta kayan ɗaki?" Tawa na soke ta tun watan Yuni don in ƙara tashoshin wasanni, waɗanda nake kallo a kan marigayiyar.

Ta bar teburin gefe, da fitila ɗaya, da kyanwa Biscuit da ta daina kallona, sai kuma Marcy, wadda na yi rigima da ita ranar rabon gado, na rantse ni zan fi kula da kujerar. Da ta ji labari cewa ta yi, "Sannu gwani. Ka kula da ita kam, har wanka ka yi mata." Daga nan ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe a bakin titi, lokacin wucewar motar kwashe manyan tarkace. Kada a kawo furanni. Duk mai haya ya je ya yi wa kayansa inshora. Daga ɗakina a bene, hawa uku ne zuwa ƙasa. Marcy ta ce za ta kama wajen ƙafa, ni in kama wajen kai, kamar yadda muka yi ranar da muka fitar da Baba.