Mai Girma Na Riƙon Ƙwarya Da Tukwanen Suna

Wankan jego ya kawo ni Kuala Lumpur, amma ranar Talata sai ga ni tsundum cikin siyasa, duk saboda tukwane uku.

'Yata Zuhra ta haihu, suna saura kwana huɗu. Manyan tukwanen da ake dafa wa taro abinci na ƙungiyar 'yan gida ta unguwar Danau Kota ne, makullin ɗakinsu kuwa yana aljihun shugaba, Malam Datti. Surukina Mus'ab, mai digiri biyu da rabi, ya zaɓi wannan makon ya faɗa a shagon shayi na mamak cewa shugaba maguɗin zaɓe yake yi. Kafin shayinsa ya huce magana ta isa. Saƙo ya zo: ko ya kawo hujja, ko ya ba da haƙuri a gaban jama'a, in ba haka ba mu dafa shinkafar mutum ɗari da hamsin a tukunyar lantarki.

Kowa na tambaya sai ya ce ai maguɗin sananne ne. Wa ya gani? Babu. Shekara talatin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, na san abin da kowa ya sani yawanci babu wanda ya duba. Na ɗauki mayafina.

Maƙwabciyarmu Mero ce ta ba ni tarihi a cikin lif. Kafin Malam Datti an yi wani shugaba mai kulle ƙofar zauren ƙungiya da kwaɗo in an fara taro, har fitsari sai da izini. Datti ne sakatarensa, shi ke rubuta masa jawabi. Da bizar mutumin ta ƙare a 2007, Datti ne kuma ya karanta jawabin samun 'yanci, har da hawaye. Mero ta rantse jawabin maraba da tsohon shugaban ne ya ɗan juya.

Sai dai a yaba wa Malam Datti, wanda a benenmu ake kira Uban Talakawan Hawa Na Sha Biyu, ya yi aiki. Ya sayi mumbarin gilashi. Ya sayi lasifika huɗu don ɗakin da ko tari ka yi ana ji a baya. Ya ƙaddamar da fanka, ta lalace, ya ƙaddamar da gyaranta.

Da na isa zauren ya tarbe ni da ladabi, har ƙasa.

"Hajiya, boleh, ba damuwa, duba duk abin da kike so. Ni ma na gaji, jama'a ce ta hana ni hutawa."

Na ce a nuna min akwatin zaɓe. Aka sauko da shi daga saman kabad, har yanzu cikin ledarsa. Na nemi sakamakon bara, sai ya miƙo min kundin tsarin ƙungiya, wanda shi ya rubuta. Sashe na tara ya ce ba a zaɓe sai kashi biyu cikin uku na 'yan rajista sun hallara. Rajistar na buɗa, suna dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Akwai waɗanda suka koma gida tun Zuhra tana sakandare. Akwai huɗu da suka rasu, Allah ya jiƙansu. Zauren kujera sittin yake ci.

Na ce to a goge waɗanda suka tafi mana.

"Wallahi burina ke nan, Hajiya. Amma goge suna sai babban taro ya amince."

"Shi kuma babban taron?"

"Kashi biyu cikin uku mana, lah."

Duk shekara yakan kira taro, ya ƙirga kawuna da kansa, ya girgiza kai cikin takaici, a yi addu'a, kowa ya yi tapau, wato ya ƙunshe ragowar shinkafar biriyani, ya tafi.

Na dawo gida na ce wa Mus'ab ya sa babbar riga. Ya fara kawo min maganar aƙida, na tambaye shi ko aƙidar tana cin mudu ashirin. Bayan sallar Juma'a ya tsaya ya ba da haƙuri, la'asar tukwane suka iso.

Malam Datti bai taɓa yin maguɗin zaɓe ba. Shekara tara ke nan ba a yi zaɓe ba.