Ragar da Na Ɓalle a Soba

Shekara ashirin ina sayar da famfunan ruwa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Don haka da mijin yayata, makaniki Usta Bashir, ya nuna mini ɗan jirgin ƙarƙashin ruwan da ya ƙera, kallo ɗaya na gano aibinsa. Da rimot ake tuƙa shi, ba shi da farfela. Ruwa yake zuƙa da famfo ya fesa ta baya, da haka yake tafiya. Shekara uku Usta ya yi a kansa, ganinsa na raguwa.

Na ce, "Ragar nan ta bakin famfo ce ke rage masa ƙarfi."

Ya ce, "Bar ta, ya Hajj. A tanki kaɗai na gwada shi."

Na ɓalle ta, na ja shi da 'yan layinmu zuwa bakin kogin Nilu a Soba. Damina ce, Nilu ya yi kauri kamar kunu.

Jirgin ya zura da gudu, har na waiga ina karɓar yabo. Na nutsar da shi, famfon ya zuƙi laka, shi ke nan. Babu maɓallin da ban danna ba. Usta yana ta tambaya, "Ya taso? Ba na gani sosai." Jirgin bai taso ba.

Bai sake ƙera komai ba, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba. 'Yan layinmu ne suka ɗauke masa wannan aikin. Har yau in an kawo famfo gyara, maƙwabcina Usman zai leƙo, ya nuna ni, ya ce wa mai famfon, "Ba Kyaftin, ya zol, bawan Allah. Amma ka yi sallama da shi tukuna."