Ƙafa-Biyar Ya Miƙar da Bututun Keziah

Duk faɗin yankin Cornwall na Ingila, tsoffin gidajen inji ba su taɓa yin sa'ar masoyi kamar Mista Digory Polkinghorne ba. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoye mana. Kakanninmu ginawa kawai suka yi, suka zuba gawayi, suka janye ruwa daga ramukan kuza har huhunsu ya ƙare. Shi kuwa hoto yake ɗauka. Kowa ya san wanda ya fi shan wahala.

Daga wani kamfanin inshora a Landan ya yi ritaya, ya dawo ƙauyenmu ya kafa Ƙungiyar Ceton Gidajen Inji. Ya tsaya takarar shugabanci ya ci ba hamayya, kasancewar ranar zaɓen daga shi sai karensa. Mu dai Ƙafa-Biyar muke ce masa: biyu nasa, uku na sandar da yake kafa kyamara a kai. Ko a jana'iza ba a raba su.

Namu gidan injin na tsohon ramin Keziah ne, can kan dutse sama da teku, kuma Keziah muke ce mata. Tun ina yarinya bututun hayaƙinta ya karkace, ga tsaga ta taso daga gindi wadda hannu zai shige har gwiwa. Ba don ado muke son ta ba. Da ita masuntanmu ke shigowa: in kan bututun ya daidaita da hasumiyar coci, to jirgi ya kauce wa duwatsun bakin gaɓa. Akwai na'urar nuna hanya a jirage, amma Jory Nankervis, wanda ya tsufa a ruwa, ya ce shi bututu bai taɓa ce masa batirinsa ya ƙare ba.

Sai labari ya zo cewa wata gidauniya za ta gyara gidan inji guda a yankinmu kafin sanyi, wanda ya fi kusa da faɗuwa. Kowane ƙauye ya aika hoto. Murna ta kama mu, don in dai gasar lalacewa ce, Keziah ba ta da na biyu.

Ƙafa-Biyar ya miƙe a mashaya ya gyara wuyan riga. "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ba kowane mai danna maɓalli ne mai ɗaukar hoto ba. Gini yana magana, amma sai da wanda ya iya sauraro. Keziah ta daɗe tana jirana."

Ya kwashe bazara yana jiran haske. Ya kori tumaki don sun tsaya ba tsari. Ya sa Misis Jelbert mai shagon shayi ta sauke shanyarta sau ba adadi. An ma ce an ji shi yana yi wa gajimare faɗa. Daga ƙarshe ya aika hoton ba tare da ya nuna wa kowa ba, sannan ya tara mu a zauren coci, da shayi da burodi mai zabibi, ya yaye ƙyallen da ya rufe hoton da shi.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Bututu a miƙe kamar sabon fensir, bango sumul, babu tsaga, babu ciyawa ko ɗaya. Jory ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wannan na wane gari ne.

"Keziah ce, ɗan'uwa, yadda ta cancanci zama," in ji Shugaba. "Na ɗan taɓa ta a kwamfuta. So kuke manyan mutane su ga sunana ƙarƙashin karkataccen gini, su ce Polkinghorne bai iya riƙe kyamara daidai ba?"

Zauren ya yi tsit. Shi kuwa ya ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure mana baki, har ya ɗan rusuna.

Da sakamako ya fito, shi ya kawo mana da kansa, fuska cike da fara'a. Wai gidauniyar ta yaba yadda muke kula da gininmu, ta ce sauran ƙauyuka su yi koyi da mu, har ta roƙi izinin sa hoton a kalanda. Gyaran kuwa ya tafi wa maƙwabtanmu na ƙetaren kwari. Nasu hoton mai raba wasiƙu ce ta ɗauka da waya, cikin ruwan sama, ga babban yatsanta a kusurwa. Ƙafa-Biyar ya ce abin kunya ne, shi ko a rumbun kaji ba zai rataya irinsa ba.

Raina ya ɓaci matuƙa, don kakana a ɗakin injin nan ya kurmance. Muka buga waya muka yi bayani. Aka ba mu haƙuri, aka ce magina sun riga sun kafa katako a can, sai dai baɗi.

Keziah ba ta jira gyaran baɗi ba. Wata Talata cikin Janairu, da hantsi, iskar yamma ta taso daga teku, bututun ya durƙusa, sannan ya kwanta. Duk ƙauyen ya hau dutsen. Misis Jelbert tana share hawaye da gefen rigarta sai ga Shugaba da ƙafafunsa biyar cif. Ya cire hula ya dafa ƙirji.

"Kada ku yi baƙin ciki, 'yan'uwana. Abin da ya faɗi dutse ne kawai. Albarkacina, Keziah tana nan tsaye har abada, a kalanda, shafin watan Yuni."

Jory ya dubi tarin duwatsun, ya dubi teku.

"Madalla, ranka ya daɗe. Gobe zan fita kamun kifi. In ka hango ni ina dawowa, ka hau nan ka ɗaga min kalandar sama sosai, ka daidaita ta da coci."